Sista Rabi da Kwano na Goma a Gidanmu

Da safiyar nan ina tsaka da shan koko wayata ta yi ƙara. Hauwa ce, 'yar Sista Rabi. Ta ce, "Baba Farfesa, Hajiya ta cika bayan sallar asuba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sai na ji bakina yana tambayarta wace Hajiyar, alhali da lambar Hajiyar ta kira ni.

Sista Rabi ta rasu. Mutanen Kazaure da Hajiya Rabi Nas suka san ta. Ni da sunan Sista na san ta, da shi na ci gaba da kiranta har ta tsufa. An yi jana'izarta da hantsi. Ban daɗe da dawowa daga maƙabarta ba.

Masu bibiyata a nan kun saba ina zolayar 'yan siyasa da masu digirin da ba su iya rubuta wasiƙa ba. Yau babu wannan. Akwai wata magana da na danne fiye da shekara talatin, maganar yayana. Sista ta san ta. Ba ta taɓa tona ni ba, ba ta kuma taɓa barina na manta ba. Yau zan faɗe ta, domin idan na yabe ta na tsallake wannan, ƙarya na ƙara yi.

Na san ta a zamanin da kuɗin fetur ke ambaliya. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane ba. Malamin firamare irina ya sayi babur sabo fil da rediyo mai kaset, yana tafiya kamar shi ya haƙo man. Gwamnati kuwa, duk abin da ta tuna da shi sai ta turo Landirofa a je a ƙirgo mata. An ƙirga rijiyoyi, an ƙirga makarantu. Wata rana aka tuna da masu taɓin hankali.

Aka ce a zagaya ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa har Babura, a gano mutum nawa ke fama da ciwon ƙwaƙwalwa, ina ake kai su, me ya hana a kai su asibiti. Idan an same su da yawa, za a buɗe wani sashe kusa da mu, a ajiye nas da magani, mutane su huta da zuwa birni.

Aka ɗauke mu, samari 'yan boko, a lokacin dogon hutu. Dabarar manya ita ce a ɗauki 'yan gari, wai mutane sun fi sakin jiki da nasu.

Wanda ya kawo wannan shawarar ina jin bai taɓa neman aure a ƙauye ba.

Sista ce kaɗai mace a cikinmu, ita ce kuma kaɗai ta taɓa jinyar irin waɗannan marasa lafiya. Ranar farko ta gan ni da wani tiƙeƙen littafi a hammata, ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce, "Wannan kuma Farfesa aka ba mu?" Sunan ya bi ni. Yau har jikokinta haka suke kirana, ni da jami'a ma sai da furfura ta fara fito mini na shiga.

Ga yadda muke aikin. Mu yi sallama a zaure, maigida ya fito, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa. In buɗe fom, in gyara murya, in ce, "Baba, ko akwai mai taɓin hankali a gidan nan?"

Ku duba fa. Yaron da ya sani tun yana yawo ba wando, ɗan wane jikan wane, shi ne ya zo da biro yana masa wannan tambaya.

Sai ya ce, "A'uzu billahi. Gidan nan? Sai dai ko ku leƙa maƙwabta."

Mu leƙa maƙwabta, su ce sai dai ko gidan da muka baro. Mu rubuta babu, mu yi godiya, mu wuce.

Da muka yi sati biyu na fara yarda cewa ƙasarmu ta fi ko'ina lafiyar ƙwaƙwalwa a duniya. Har na fara tsara yadda zan faɗi haka da Turanci.

Ita Sista ba ta tsayawa a zaure. A mota take barin fom ɗinta. Tana jira sai la'asar sakaliya, lokacin kwasar tuwo, ta yi sallama ta shige cikin gida, inda mu maza ba mu da hanya. Ta cire takalmi, ta karɓi mara ta taya kwasa, ana hirar haihuwa da tsadar gishiri. Idonta kuwa yana kan kwanuka. Na maigida ya tafi zaure. Na yara ga shi. Na mata ga shi. A wani gidan sai ta ga an ɗauki wani kwano daban, yawanci na roba ko wata tsohuwar ƙwarya, an bi da shi bayan rumbu.

Ba ta tambayar na waye. Sai ta miƙe ta ce, "Kawo in kai miki, Inna, ki huta."

Ta taɓa ce mini, "Maigida yana iya cire mutum daga lissafi, Farfesa. Mai rabon tuwo ba za ta iya ba."

Abin da ta gani takan rubuta shi a wani ƙaramin littafin 'yan makaranta. Ba ta sa sunan kowa.

To, ni ma a gidanmu akwai bayan rumbu.

Yaya Haladu shi nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai gyaran keke ne, shi ya koya mini hawa. Ciwon ya fara masa da rashin barci, sai magana shi kaɗai, sai ya ce ana kiransa daga kan dutse. An yi rubutu, an yi hayaƙi, Baba ya kai shi wajen wani mai magani can kusa da iyaka. Ranar da ya fasa randar Inna ya nemi fita tsirara, aka sa shi a turu, wato gungumen icen nan da ake zura ƙafar mutum a ciki, a ɗakin da ke bayan rumbunmu.

Mutanen gari kuwa aka ce musu ya tafi cin rani Kudu.

Shekara biyu yana cin rani, har da damina. Maƙwabta suna jin muryarsa ta katanga, kuma in sun shigo sai su tambayi Inna ko Haladu ya aiko da saƙo. Inna ta ce yana gaishe su.

Ni kuma an sa ranar aurena da Binta bayan kaka, danginta suna cikin bincike. Kun san abin da ake tambaya. Asali, hali, da ko akwai hauka a dangi. A ganina ranar da suka ji labarin Yaya Haladu, ranar zan rasa Binta.

Da aiki ya kawo mu ƙauyenmu a ƙasar Roni, na ce wa abokan aikina su bar mini unguwarmu, na fi su saninta. Fom ɗin gidanmu a kan tankin babur ɗina na cike shi, ƙarƙashin wata darbejiya. Mutanen gida, tara. Masu taɓin hankali, babu. Da rubutu mai kyau, ni ne fa malamin makaranta.

Muna haramar tafiya Sista ta ce, "Farfesa, ashe zan zo har garinku in koma ban gaida Inna ba? Me za a ce da ni?"

Na ce ai Inna ba ta jin daɗi.

Ta ce, "To ai ga nas ta zo."

Ta shiga. Ni da Baba muka zauna a zaure muna maganar damina, ba mai jin abin da ɗan'uwansa ke faɗa. Ta fi awa ɗaya a ciki.

A mota ta jira sai da aka sauke kowa, direba ya fita sayen goro. Sannan ta ce, "Inna ta iya miyar kuɓewa."

Na ce haka ne.

"Mutum nawa ka rubuta a gidanku?"

"Tara."

"Kwano goma na gani."

Sai na yi mata lacca. Wallahi lacca sosai. Na yi maganar al'ada, na yi maganar mutuncin gida, na bayyana mata cewa mutum ɗaya ba ya canja sakamakon bincike, har da 'yan kalmomin Turanci na sa don maganar ta yi nauyi. Ta bari na gama tsaf.

Ta ce, "Yaushe rabonka da ganin ƙafarsa?"

Rabona da shiga ɗakin tun ƙaramar salla.

"Turun ya ci naman. Kuma yana tambayarka. Ya ce in tambaye ka ko yanzu ka iya mayar da sarƙar keke da kanka."

Na ce, "Sista, ki rufa mini asiri. Wata huɗu ne kawai. A ɗaura auren nan, ni da kaina zan kai shi birni."

Ta ce, "Takardarka ba zan taɓa ta ba. Kai ka rubuta, kai za ka gyara. Amma wata huɗun nan ba kai za ka yi su a turu ba."

Ban gyara ba.

Na jira wata huɗun. Baba ma ya goyi bayana, ya ce motar asibiti ba za ta tsaya a ƙofar gidansa ana saura kwanaki biki ba.

Abin da ta yi shi ne, duk ranar kasuwa sai ta hau motar haya ta zo, da bandeji da magani a ƙasan kwando, kayan miya a sama. Mutane suka ɗauka wata 'yar'uwar Inna ce. Ta wanke masa ciwon, ta yi masa aski, ta zauna suna hira. Ba ta taɓa yi wa Baba musu a kan iska ko sammu ba. Cewa take, "Baba, a ci gaba da rubutun. Ƙwayar nan ba ta faɗa da shi." A haka ya yarda.

Rahoton binciken kuwa ya tafi sama. Fom ɗinmu yana da layi da akwati da hatimi. Littafinta kwanuka ne a ciki. Manyan suka ce ƙirga kwano ba hanyar bincike ba ce. Suka tattara babu ɗinmu, suka yanke cewa yankin ba shi da wata buƙata. Ba a buɗe sashen ba.

Ba na cewa fom ɗina shi kaɗai ya jawo. Ban kai wannan matsayin ba, ko da yake a lokacin ina ganin na kai. Amma da aka tara, da nawa a ciki.

Bayan biki da sati biyu muka kai shi birni. Ya yi wata uku a asibiti. Hankalinsa ya dawo. Ƙafar ce ba ta dawo daidai ba, da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa.

Ranar da aka sallame shi Sista ta ɗinka masa riga da hula, ta ba shi rediyonta ya rataya a kafaɗa, ta ce a sauke shi a tasha da rana tsaka, ranar kasuwa, ya shiga gari da ƙafarsa. Mutane suna ta fitowa. "A'a, Haladu, saukar yaushe? Ya Kudu?" Shi kuma yana cewa, "Kudu alhamdu lillahi, sai dai sauro."

Na ce mata, "Sista, ashe ke ma kina taɓa ƙarya."

Ta ce, "Wannan tasa ce, don ya iya zama cikin mutane. Taka don wa aka yi ta?"

Ya buɗe wajen gyaran keke a bakin kasuwa. Ya yi shekaru lafiya lau, yana shan maganinsa, yana zolayata cewa duk karatuna ban iya faci ba. Bai taɓa tayar da maganar watannin nan ba. Sau ɗaya ne, yana ɗaure wata taya, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "An ce bikinka ya yi kyau. Na ji kiɗan."

Daga nan kuɗin fetur ya ja baya. Maganinsa sai birni, duk wata. Ka yi tafiyar yini guda a ce maka babu, ka dawo wani sati. Sista kuma an yi mata canjin wajen aiki zuwa nesa, tana aiko da abin da ta samu ta hannun direbobi. Wata ɗaya ya tsallake. Sai biyu. Ciwon ya dawo.

Wata damina ya fita da safe bai dawo ba. Bayan kwana biyu aka same shi a bakin wani rafi.

Sista ta zo gaisuwa, ta kwana uku a ɗakin Inna. Ni ba ta ce mini komai ba. Na so ta ce.

'Ya'yana da suka taso, aka ce musu suna da wani baffa mai gyaran keke, zazzaɓi ya kashe shi.

Bayan ta yi ritaya ta dawo Kazaure, gidanta ya zama wani ƙaramin asibiti ba allo. Mace za ta shigo a raɓe ta ce, "Hajiya, wai wata ƙawata ce ɗanta ba ya barci, yana magana shi kaɗai." Sista ta ce, "To ki gaya wa ƙawar taki ta kawo shi gobe. In ba ta da lokaci, ke ki kawo mata shi." Ta rubuta musu inda za su je da wanda za su nema. Wasu ta raka su da kanta, da sandarta.

Ɗaliban jami'a sukan zo mata, masu bincike a kan dalilin da ya sa mutane ba sa kai irin waɗannan marasa lafiya asibiti. Takan karɓe su hannu bibbiyu, ta ba su fura. In sun tafi ta ce mini, "Sun ajiye biro sun ɗauki waya. Amma na tambaye su wa suke tambaya, suka ce maigida."

Ganina da ita na ƙarshe watan jiya ne. Na kai mata lemo. Idonta ya yi rauni sosai, da tarina ta gane ni.

Ta ce, "Farfesa. Har yanzu kana karatu, ko ka fara ganewa?"

Na ce ana dai fama, Sista.

Muka taɓa hirar waɗanda suka rasu cikin abokan aikin nan, kusan duka. Can ta ce, "Ka gaya wa yaran nan labarin baffansu?"

Na ce ina neman lokacin da ya dace.

Ta ce, "Yanzu kuma auren wa ake jira?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Dole na gaya mata cewa autata Zainab an kawo gaisuwarta, dangin yaron suna cikin bincike.

Sannan ta ce, "To. Allah ya sanya alheri. Miƙo mini butar nan."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Yau da na dawo daga maƙabarta na kira Binta da Zainab, na zaunar da su, na faɗa musu duk abin da kuka karanta a sama. Na ce wa Zainab ina so in rubuta shi a nan, amma aurenta ne a gaba, in ta ce a'a na bari.

Ta yi kuka. Ta tambaye ni ko akwai hotonsa. Babu. Ta ce, "Baba, in suka fasa fa?"

Na ce ban sani ba.

Ta goge ido da bakin mayafinta, ta ce, "Ka rubuta."

Binta duk wannan tana zaune. Sai da Zainab ta fita ta ce, "Malam, wai kai ka ɗauka Babana bai sani ba?"

Na ce bai san me ba.

"Ranar farko da ya aika bincike aka gaya masa. Har ɗakin aka kwatanta masa. Ya ce ciwo na Allah ne, kada wanda ya tayar da maganar a kunyata surukai."

Na ce, "Shekara talatin da wani abu, ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Ta ce, "Kai ma ba ka taɓa faɗa mini ba."

Ashe babu abin da ake jira. Ya zauna wata huɗu a turu, ƙafarsa tana ruɓewa, don kada wani dattijo ya ji abin da ya riga ya sani.

Na san dangin yaron da ke neman Zainab suna cikin masu karanta ni. To ga bincikenku, na sauƙaƙa muku. Sunansa Haladu. Yayana ne. Ya yi ciwon ƙwaƙwalwa, magani ya yi masa aiki duk lokacin da ya same shi, ya rasu a lokacin da bai samu ba. Mutumin kirki ne, ya fi ni. Abin da kuka yanke, Allah ya zaɓa wa yaran nan mafi alheri.

Ya Allah ka jiƙan Hajiya Rabi. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata kabarinta, ka sa duk ƙofar da ta tura ta shiga wajen bayinka da aka rufe ta zama haske a gare ta. Ka ba Hauwa da 'yan'uwanta haƙurin rashinta. Ka jiƙan Inna da Baba, sun yi iya abin da suka sani.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya wuce bai yi mata addu'a ba, ko da Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Ku sa da Yaya Haladu, ku ambaci sunansa.

Ni kuma ku roƙa mini Allah ya sa Yaya Haladu ya yafe mini. Ban roƙe shi ba yana da rai.